PewDiePie: hazaƙa ce ta kai shi sama ko sa'ar zamani?

Abban Zahra:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu ɗan tattauna a kan Felix Kjellberg, wanda aka fi sani da PewDiePie. Duk lokacin da aka tashi maganar masu barkwanci da wasannin bidiyo a YouTube sai sunansa ya fito, kuma na lura mutane sun kasu biyu a kansa: masu cewa gwani ne na gaske, da masu cewa ihu kawai ya iya, sa'a ce ta ɗaga shi.

Ga waɗanda ba su bi shi ba, ɗan ƙasar Suwidin ne, haifaffen birnin Gothenburg a 1989. Ya buɗe tasharsa a watan Afrilun 2010 yana ɗalibi a jami'ar fasaha ta Chalmers, ya ajiye karatun a 2011, har aikin sayar da abinci a rumfa ya yi don ya riƙe kansa. A Yulin 2012 ya kai mabiya miliyan 1. A Agustan 2013 ya wuce tashar Smosh, ya zama wanda ya fi kowa mabiya a YouTube. Mutum ɗaya ne a ɗaki, daga shi sai kwamfuta da makirufo.

Ni a ganina ƙarfinsa ya fito ne daga rashin kowa a tsakaninsa da mai kallo. Ba darakta, ba furodusa, ba wanda zai duba abin da zai faɗa kafin ya faɗe shi. Abin da ya zo bakinsa shi kake ji, shi ya sa matasa suka ɗauke shi tamkar abokinsu. To amma wannan rashin mai kwaɓar shi ne dai ya kusa kai shi ƙasa a 2017. Ina son jin ta bakinku, musamman waɗanda suka kalle shi tun farko.

Malam Nura:
Wa alaikumus salam. Abban Zahra, ni ina cikin kashi na biyu, kuma ba na ɓoyewa. Wani ya shafe shekaru yana gina wasa, ya zana, ya rubuta labari, ya haɗa sauti, sai wani ya zo ya zauna yana bugawa yana ƙwalla ƙara, kuɗi kuma su tafi wajen mai ƙarar. Hazaƙar tana wurin wanda ya gina wasan.

Sannan ku dubi lokacin. A 2012 YouTube ta sauya tsarinta, ta rage fifita yawan danna bidiyo, ta koma fifita tsawon lokacin da mutum ya ɗauka yana kallo. Wa wannan ya yi wa rana? Mai buga wasa, wanda zai iya fitar da bidiyon minti 15 ko 20 kullum ba tare da ya kashe wani abin kirki ba. Wa ya cuta? Masu zanen katun, da ke cinye makonni kafin su haɗa minti uku. Felix ya iso ne daidai lokacin da aka buɗe ƙofa.

Ɗan Gem:
Malam, Allah ya ƙara girma, amma ai dubbai ne a bakin ƙofar nan a 2012, kowa da makirufonsa. Me ya sa shi ya wuce?

Ban sani ba ko Malam ya taɓa kallon yadda yake buga Amnesia: The Dark Descent. Wasan ban tsoro ne da kamfanin Frictional Games ya fitar a 2010. Ba ka da makami ko ɗaya. Fitila ce kawai a hannunka, man fitilar kuma yana ƙarewa. In ka daɗe cikin duhu hankalin ɗan wasan ya fara gushewa, allon ya riƙa karkacewa. In dodo ya taso ba ka da abin yi sai ka ruga ka faɗa cikin kabad ka ja ƙofa ka yi shiru. An gina shi ne don ya firgita ka, babu dariya ko ɗigo a cikinsa.

Shi kuwa sai ya ɗauki wani ɗan mutum-mutumi na zinare da ya tarar a ɗaki, ya raɗa masa suna Stephano, ya ba shi murya da karin harshen Faransawa, ya riƙa yawo da shi yana neman shawararsa. Kujera ma ya ba ta suna da murya. Gangunan katako da aka jibge a lungu don ado kawai, ya ayyana su a matsayin abokan gabarsa, duk inda ya gan su sai ya zarge su da haɗa masa makirci. Har ta kai masu kallo suna jiran fitowar Stephano fiye da fitowar dodon. Wanda ya gina wasan bai rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, Malam. Wasan kwaikwayo ne yake ƙirƙira nan take, yana cikin tsoro na gaske.

Malam Nura:
Ɗana, na ji. Amma raɗa wa kujera suna ne zai sa mutum ya wuce kowa a duniya?

Sadiya Edita:
Malam bari in shigo, tunda tace bidiyo ne aikina. Abin da mutane ba sa gani shi ne abin da aka yanke aka zubar. Mutum zai buga wasa na tsawon sa'a biyu, a ciki wataƙila minti goma ne ke da rai. Sauran yawo ne, neman mabuɗi, buɗe ƙofar da ba ta buɗuwa. Sanin inda za ka yanke, da daƙiƙa nawa za ka bar shiru kafin abin tsoron ya faɗo, da lokacin da za ka matso da fuska kusa, nan barkwancin yake. In ka yanke da wuri dariyar ta mutu, in ka makara ta yi sanyi. A shekarunsa na farko shi kaɗai yake wannan aikin, kuma kusan kullum yana fitar da bidiyo.

Sai kuma ɗan akwatin nan da ke kusurwar allo, inda ake ganin fuskarsa. Ba shi ya fara ba, amma yana cikin waɗanda suka mayar da shi ƙa'ida. Idonka yana kan wasan, rabin hankalinka yana kan fuskar. Kana kallon abu biyu lokaci guda: abin da ke faruwa, da yadda yake faruwa a jikin mutum.

Kuma hanyarsa ba ita kaɗai ba ce. Videogamedunkey na Amurka ba ya dogara da fuska, murya ce da yanka mai kaifi, bidiyonsa gajeru ne kuma an tsara su tun daga tushe. VanossGaming na Kanada shi da abokansa ne, dariyar tana fitowa daga hayaniyar taro. Ni a wajen tsari na fi ganin gwanintar Dunkey. Amma Felix ya fi su sa mai kallo ya ji kamar su biyu ne kawai a ɗakin.

Maman Hanif:
Ku yi haƙuri in sako wani ɓangaren. Duk kuna maganar gwaninta, ni kuwa uwa ce, abin da ke gabana shi ne su wa ke kallo. A ƙa'ida YouTube ta ce sai ɗan shekara 13 zai buɗe asusu, amma kowa ya san ƙananan da ba su kai haka ba sun cika wurin. Bidiyoyinsa na farko cike suke da ashariya. Har raha yake yi da fyaɗe, sai da aka yi ta suka kafin ya fito a 2012 ya ba da haƙuri ya ce ya daina. Wannan "abokin" da Abban Zahra ke faɗa, ai shi ne abin tsoron. Yaro ba ya kwaikwayon mai karanta labarai a talabijin, abokinsa yake kwaikwayo.

Abban Zahra:
Hajiya, gaskiyarki, kuma maganarki ita ce tawa ta ɗaya fuskar. Da a gidan talabijin yake aiki, da wannan rahar ba ta fita ba, wani zai tsayar da ita tun a ɗakin tacewa. Shi sai bayan miliyoyi sun gani yake jin cewa ya yi ɓarna.

Injiniya Bash:
Ina so in amsa wa Malam Nura kan cewa kuɗi sun tafi wajen mai ƙara sun bar mai gini, domin abin bai tsaya nan ba.

Da farko yadda kuɗin ke shigowa. Tallan da ke fitowa a kan bidiyo, YouTube tana riƙe kashi 45 cikin 100, mai tasha ya ɗauki 55. A wancan zamanin yawancin masu buga wasa suna ƙarƙashin wasu kamfanonin dillanci ne da ke tsaya musu kan talla da haƙƙin mallaka, su ma su yanki nasu. Felix ya fara da Machinima, ya koma Maker Studios a ƙarshen 2012, Disney kuma ta sayi Maker a 2014 a kan aƙalla dala miliyan 500. Jaridar Expressen ta Suwidin ta ruwaito cewa kamfaninsa ya samu kusan krona (kuɗin Suwidin) miliyan 63 a 2014. Mujallar Forbes ta ƙiyasta masa dala miliyan 12 a 2015, da miliyan 15 a 2016. Kuɗi ne masu yawa, ba musu.

To amma masu ginin fa? Wasan Skate 3 ya fito tun 2010, an gama yayinsa. Da Felix da wasu irinsa suka koma suna buga shi saboda yadda ɗan wasan ke faɗuwa yana murɗewa ta hanyar ban dariya, sai mutane suka riƙa nemansa a shaguna, har kamfanin EA ya sake buga faifansa a 2014, ya dawo jerin waɗanda aka fi saye a Birtaniya. Surgeon Simulator, Goat Simulator, Happy Wheels, duk ƙananan wasanni ne da ba su da kuɗin talla, irin waɗannan bidiyoyin ne suka kai su ko'ina. Har wani salo ya samu na wasannin da ake ginawa da gangan da wahalar sarrafawa, don a san mai bugawa zai yi ta kwaɓawa a gaban kyamara. Ƙaramin kamfani na mutum biyar da Felix ya buga wasansa ya samu tallan da ba zai taɓa iya biya ba.

Malam Nura:
Injiniya, misalan da ka kawo duk wasannin shirme ne, waɗanda kallonsu ke sa ka so ka gwada da hannunka. Wasan da ƙarfinsa labari ne fa? In na kalli labarin daga farko har ƙarshe a kyauta, me zai sa in saya? Kamfanin wasanni na Nintendo ba wawaye ba ne da suka fara karɓe kuɗin tallan irin waɗannan bidiyoyin a 2013.

Injiniya Bash:
Nan kam akwai magana, Malam. Masu gina wasannin labari sun daɗe suna wannan kukan, kuma kukansu na kan hanya. Zan dawo kan Nintendo in an gama, don labarinsu yana da ƙarshe.

Ɗan Gem:
Wani abin da ban ji an ambata ba: Jacksepticeye na ƙasar Ireland, a 2013 tasharsa ƙarama ce, Felix ya ambace shi a wata gasa da ya shirya don ɗaga ƙananan tashoshi, daga nan ya tashi. Kuma ya tara wa ƙungiyoyin agaji kuɗi da yawa, irin su Save the Children da Charity: Water. Mai ihu kawai ba ya wannan.

Maman Hanif:
Alherinsa ba ya goge ɓarnarsa, ƙanina. Ku zo mu yi maganar 2017 ɗin da ake ta kewayewa.

Abban Zahra:
To bismillah. Kafin nan sai an fahimci halin da yake ciki. Wajen 2016 ya gaji da ihun. Shi da kansa ya riƙa nuna ba ya jin daɗin tsofaffin bidiyoyinsa. Yaran da suka fara kallonsa a 2012 sun girma, shi ma ya kusa shekara 27. Sai ya rage buga wasa ya koma barkwanci mai yaji, na tsokana, irin na gwada iyakar abin da za a iya faɗa. A Disambar 2016 ya ce zai goge tasharsa in ya kai mabiya miliyan 50, duniya ta ɗauka, da ya kai sai ya goge wata ƙaramar tasharsa ta daban. A shekarar ce kuma mujallar Time ta sa shi cikin mutum 100 mafiya tasiri a duniya. Wato yana kan ganiyarsa, kuma ya fara ganin duk abin da ya yi zai wuce.

A Janairun 2017 ya shiga Fiverr, dandalin da ake biyan mutane ƙananan kuɗi su yi maka ƙaramin aiki. Ya biya wasu samari biyu a Indiya su ɗaga allo mai kiran a hallaka Yahudawa, suna rawa suna dariya, ya sa a bidiyonsa. Ya ce manufarsa ita ce ya nuna yadda mutane za su yi komai saboda dala 5. A Fabrairu jaridar Wall Street Journal ta tattaro bidiyoyi 9 da ke da irin wannan raha ko hotunan 'yan Nazi, ta kai wa Disney. Disney ta yanke hulɗa da shi. YouTube ta soke zango na biyu na shirinsa Scare PewDiePie, ta cire shi daga jerin tashoshin da ake sayar wa manyan masu talla.

Sadiya Edita:
Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan labarin shi ne samarin nan biyu. An dakatar da asusunsu na Fiverr, wato hanyar abincinsu. Sun fito sun ba da haƙuri, suka ce ba su san ma'anar abin da aka rubuta ba. Mai miliyoyi ya so ya nuna cewa talaka zai yi komai don dala 5, sai ya yi amfani da talakan a matsayin kayan gwaji. Ko da babu maganar Yahudawa a ciki, wannan kaɗai ya isa a ce rahar ta lalace tun daga tushe.

Kuma Yaya Abban Zahra, a nan zan ɗan saɓa maka. A lokacin ba shi kaɗai ba ne. Yana da masu tace masa bidiyo, yana ƙarƙashin Maker, yana da hulɗa da YouTube kai tsaye. Mutane suna nan. Abin da babu shi ne wanda zai iya ce masa a'a ya zauna lafiya, domin duk a ƙarƙashin inuwarsa suke ci. Bidiyon ya yi wata guda a sama kafin Disney ta motsa, kuma ba ta motsa ba sai da 'yan jarida suka ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Abban Zahra:
Wannan ya ƙara wa maganar nauyi, ƙanwata. Ga mutane kewaye da shi, amma babu mai kwaɓa.

Ɗan Gem:
Amma jaridar ma ba ta yi adalci ba. Sun yanko wurare daga bidiyoyi daban-daban suka jera, har da inda yake yi wa masu zarginsa shaguɓe, suka nuna kamar da gaske yake. Tsofaffin kafafen labarai suna jin haushin yaro ɗaya ya fi su masu kallo.

Malam Nura:
Ɗana, ko da an yi masa yankan baya a wasu wuraren, allon nan shi ya biya aka ɗaga. Ba jarida ce ta rubuta ba. Kuma wata shida ko bakwai bayan haka, a Satumbar 2017, yana buga wasan PUBG kai tsaye, ya fusata da wani ɗan wasa, ya furta kalmar nan ta cin zarafin baƙar fata. Babu wanda ya yanko masa wannan, kai tsaye ne, dubbai na kallo. Kalmar da ba ta saba zama a bakin mutum ba, ba ta fitowa lokacin fushi. Magana zarar bunu ce.

Ɗan Gem:
Wannan kam babu kariya, shi ma bai nemi kare kansa ba. Ya fito ya ce ba shi da uzuri.

Injiniya Bash:
Abin da ya biyo bayan wannan ya shafi tambayar Malam ta farko. Sean Vanaman, ɗaya daga cikin masu kamfanin Campo Santo da ya gina wasan Firewatch, ya ce ba ya son wasansu ya ci gaba da kawo wa Felix kuɗi, ya shigar da ƙorafin haƙƙin mallaka aka sauke bidiyon. Ran nan duk masu wannan sana'a suka gane cewa a kan filin aro suka yi gini. Mai wasan yana ƙyale ka ne don yana amfana, ran da ya ga dama zai iya tayar da kai.

Sai dai a daina ɗora masa dukkan rikicin talla na 2017. Manyan kamfanoni sun janye tallansu daga YouTube a watan Maris ne bayan jaridar The Times ta Landan ta nuna tallansu na fitowa a kan bidiyoyin masu tsattsauran ra'ayi. Nasa ya zo a lokaci guda, ya ƙara wa wutar mai. Ƙananan tashoshi ne suka fi shan wuya: a farkon 2018 YouTube ta kafa ƙa'idar cewa sai kana da mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara kafin a fara biyanka.

Maman Hanif:
Ni abin da ba zan manta ba shi ne Christchurch. Ranar Juma'a, 15 ga Maris 2019, wani ya shiga masallatai biyu a New Zealand ya kashe mutum 51, yana watsawa kai tsaye, kuma kafin ya fara sai da ya furta taken nan na a bi tashar PewDiePie. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Na san ba shi ya aike shi ba. Amma me ya sa sunansa ne ya zo bakin irin wannan mutumin?

Abban Zahra:
Amin, Hajiya. Tambaya ce mai nauyi, kuma ta cancanci a amsa ta a tsanake.

Taken ya samo asali ne daga gasarsa da T-Series, kamfanin waƙoƙi da finafinai na Indiya. Bayan kamfanin sadarwa na Jio ya karya farashin data a Indiya daga 2016, miliyoyin mutane suka shigo intanet, tashar T-Series ta riƙa hauhawa har ta kusa kamo shi a ƙarshen 2018. Magoya bayansa suka mayar da abin yaƙi tsakanin mutum ɗaya da kamfani. MrBeast, wani mai tasha a YouTube ɗan Amurka, ya sayi allunan talla a garinsu yana kira a bi tashar Felix. Wani ya kutsa cikin firintoci kusan 50,000 ya sa suka buga saƙon. Taken ya zama abin da kowa ke faɗa a intanet, kuma makashin ya san haka, ya faɗe shi ne don bidiyonsa ya yaɗu, a kuma yi ta rigima a kai. Felix ya fito a ranar ya ce abin ya tayar masa da hankali matuƙa, a ƙarshen Afrilu kuma ya roƙi mabiyansa su daina taken gaba ɗaya.

Amma ba zan ce hannunsa fes yake ba. Cikin wannan gasar an yi ta zagin Indiyawa a ƙarƙashin bidiyoyinsa, har shi da kansa ya ga abin ya yi yawa ya shirya tara kuɗi ga wata ƙungiyar kare haƙƙin yara ta Indiya. Waƙoƙin tsokanar da ya yi wa T-Series, wata babbar kotu a Delhi ta sa an toshe su a ƙasar. Kuma tun 2017 masu aƙidar fifita farar fata suke yaba shi a shafukansu, ko da ya nesanta kansa da su. Wanda ya daɗe yana wasa da irin wannan raha, irin waɗannan mutanen za su ɗauka nasu ne, ko ya so ko bai so ba.

Maman Hanif:
To ka ga inda nake tsaye ke nan. Wata guda da rabi ya ɗauka kafin ya ce a daina. Ni a wurina ya yi tsawo.

Sadiya Edita:
Ya yi tsawo, Anti. Amma ina so a kalli abin da ya yi bayan nan, don a wurina shi ne mafi kyawun aikinsa duka. A Yunin 2019, bayan T-Series ta riga ta wuce shi ta kai miliyan 100 a watan Mayu, sai ya koma Minecraft, wasan da a lokacin ya shekara 10 kuma da yawa suna ganin na yara ne. Bai iya ba, kuma bai ɓoye cewa bai iya ba. Ya horar da wani kare ya sa masa suna Sven, ya samu doki ya kira shi Joergen. Duk lokacin da zai shiga wuri mai haɗari hankalinsa na kan karen nan, ya zaunar da shi, ya dawo ya duba shi. Da dokin ya mutu, mutane sun yi jimami na gaske a ƙarƙashin bidiyon. Dabarar Stephano ce ta dawo, ta ɗaukar abin da ba shi da rai a ba shi hali, amma wannan karon ba ihu, ba cin zarafin kowa. A Agustan shekarar ya auri Marzia a Landan, bayan kwanaki kaɗan ya zama mutum ɗaya tilo na farko da ya kai mabiya miliyan 100.

Malam Nura, tsarin YouTube na 2012 ba shi ne na 2019 ba. Mutumin da ya yi tashe a ƙarƙashin duka biyun, da salo daban-daban, da wuya a ce sa'a ce kaɗai.

Malam Nura:
'Yata, ban ce ba ya aiki ba. Na ce girman da ya samu ya fi girman aikin. Akwai masu gina wasanni da suka fi shi basira nesa ba kusa ba, ba wanda ya san sunansu.

Ɗan Gem:
Shi ya sa abin da Dunkey ya yi ya burge ni. A 2022 shi da matarsa suka buɗe kamfanin fitar da wasanni mai suna Bigmode, wasansu na farko Animal Well ya fito a 2024, mutum ɗaya ne ya gina shi, Billy Basso, kuma ya samu karɓuwa sosai. Ga mai barkwanci ya ɗauki sunansa ya ɗaga mai gini.

Abban Zahra:
Shi kuwa Felix wata hanyar ya bi. Ya ɗauki hutu a farkon 2020. A Mayun 2022 ya bar Brighton ta Ingila, inda ya zauna tun 2013, ya koma Japan da iyalinsa. A Nuwambar shekarar MrBeast ya wuce shi, bai yi wani yunƙurin kamo shi ba. Sun samu ɗa a 2023. Yanzu sai ya ga dama yake fitar da bidiyo: rayuwar gida, karatun littattafai, koyon zane, har da yadda ya bar manhajar kwamfuta ta Windows ya koma Linux. Da yawa daga cikin tsararrakinsa har yau suna bin abin da tsarin YouTube ke so kullum, suna kukan gajiya. Shi ya samu abin da ya ishe shi ya ja baya, kuma ina ganin wannan a matsayin alamar ya koyi wani abu.

Maman Hanif:
Ko kuma ya tara abin da zai ishe shi ne kawai, Abban Zahra. Tsofaffin bidiyoyin da bai goge ba suna nan, yaron da ya nemo sunansa yau zai iya faɗawa kan na 2012 kafin na 2023. Ni dai nawa ba za su kalle shi su kaɗai ba.

Malam Nura:
Injiniya, ka yi alkawarin ƙarshen labarin Nintendo.

Injiniya Bash:
Haka ne Malam. A 2015 suka buɗe wani shiri da sai ka yi rajista da su, su riƙa karɓar wani kaso daga kuɗin tallanka kafin ka sa wasansu. Felix yana cikin waɗanda suka soki shirin a fili, manyan tashoshi da dama kuma suka ƙaurace wa wasanninsu. A ƙarshen 2018 Nintendo ta rufe shirin, ta fitar da sabuwar ƙa'ida: kana iya sa wasansu ka ci kuɗin tallanka, muddin ka ƙara wani abu naka, sharhi ko wata ƙirƙira. Wanda ya ɗora hoton wasan tsagwaronsa ba tare da ya ƙara komai ba, shi ne ba su yarda da shi ba.

Malam Nura:
Sun yi lissafin kasuwa ne, sun ga ƙauracewar ta fi cutar da su. Wannan bai amsa mini batun wasannin labari ba. Sadiya, turo mini kashi na farko na Minecraft ɗin nan, zan kalla in an jima.